Giram Ɗari Bakwai

Daren tafiya, a kicin ɗinmu na Naryn,
na ɗora kwana goma sha shida a kan sikeli.
Duk abin da ke ɗauke da ruwa na tsame shi gefe.
Ruwa na can yana jirana, yana gangarowa daga ƙanƙara,
wa zai goya wa tsauni abin da tsauni ke rabawa kyauta?

Tuffa ta fita. Kokwamba ta bi ta.
Gwangwanin kifi na jinjina shi a tafin hannu,
rabinsa ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya taunuwa.
Aka bar soyayyen garin sha'ir,
dunƙulen busasshen nono masu taurin tsakuwa,
naman doki da ya sha iska har ya manta jini,
zabibi, ganyen shayi,
da man shanu, wanda duk cikin dangin abinci
shi ya fi biyan kuɗin goyonsa.

Kowace rana da ledarta, da lamba a goshi.
Cokali ma sai da na datse masa rabin mariƙi.

Apa na bakin ƙofa, hannu a ƙugu.
"Begimai, wannan ai tsabar kaji ce."
Na ce, Apa, kafaɗa ke zaɓe, baki sai haƙuri.
Ta ce, "Kakanki Toktosun ya ƙetare tsaunukan nan
da tukunyar ƙarfe."
Na ce, da doki dai.
Ta ja tsaki, ta kashe fitilar baranda.

Kwana uku jaka na cizona fiye da lissafi.
Na zargi maɗauri,
na zargi gwiwa da shekara talatin da tara,
har sikelin na zaga a zuci.

Rana ta huɗu ƙanƙara ta tsare ni a tanti
ƙasa da mashigin tsauni.
Ina laluben busasshiyar safa
sai yatsuna suka ci karo da sanyin gilashi:
kwalba, mai kauri, murfin ƙarfe,
cike da farar zumar At-Bashy.
An ɗaure mata takarda da zaren ulu:
"A dawo min da kwalbata."

Giram ɗari bakwai!
Abincin yini guda da ɗoriya.
Ni da na yi wa cokali kaciya.
Na ajiye ta a waje, na zuge ƙofar tanti,
muka kwana muna gaba.

Da safe na ɗauke ta. Ina zan bar ta?

Ranar tara garin sha'ir ya koma siminti a baki,
busasshen nono ya gundure ni,
na ci rabi, na zuba wa sauran ido.
Sai na murɗe murfin.
A bakin guntun cokalina
na tarar da watan Yuli,
ƙudan zuma, da furen kwari,
da muryar da ke cewa ci, kar ki yi min musu.

Ranar sha ɗaya Kanyshai, matar makiyayi,
ta miƙo min burodi da zafinsa,
ɗanta ya lashe murfin har ya ga fuskarsa a ciki.

Haka leda ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya,
jaka ta rame, ni ma na rame,
bel ya nemi sabon rami.
Kwalba kaɗai, ko da ta ƙare,
ta riƙe ƙibarta, tana ƙwanƙwasa min ƙashin baya
a kowace gangara.

Na iso da yamma, takalmi a yage.
Apa ba ta tambayi tsauni ba.
Ta karɓi kayanta, ta ɗaga a hasken taga,
ta ce, "Ko ɗauraya ba ki yi ba."

Jiya na fara jerin kayan baɗi.
Sha'ir, nono, nama, mai.
Can ƙasa, da fensir, na rubuta ɗari bakwai,
na bar gurbin sunan a buɗe.